Ramin da muka bari a bayan gari

Ranar Juma'ar da ta wuce na miƙa makullin ofis, bayan shekara shida ina aikin hulɗa da jama'a a wani kamfanin gina hanyoyi a nan Katsina. Abokan aiki sun ce in rubuta wa masu tasowa wani abu. Da na zauna, abu ɗaya ne ya tokare mini rai, kuma waɗanda muka yi aikin hanyar karkarar nan tare sun san ko mene ne.

Ba a zuba kwalta sai an yi ciko da marmara, marmarar kuwa gonar wani ake haƙa. Mun samu wuri a bayan wani ƙauye, aka biya mai gona diyya, katafila da tifofi suka yi wata huɗu suna kwasa. Ramin ya fi tsayin mutum biyu. Kududdufin da mutanen gari ke haƙa da hannu don yin tubali yana da gangare, yaro ya san inda ƙafarsa za ta daina taɓa ƙasa. Na katafila gefensa a tsaye yake kamar bango, taku ɗaya daga baki sai zurfi. A takardar nazarin illar aiki ga muhalli, wadda dokar 1992 ta wajabta wa manyan ayyuka, an rubuta ƙarara cewa za mu cike ramin, ko mu kwantar da gefensa mu kewaye shi.

Sau biyu dagacin garin yana aiko a kira ni. "Ɗana, ga damina ta matso, yaya maganar ramin nan?" Na ce, "Ranka ya daɗe, in sha Allahu kafin ruwa ya sauka." Na kai wa manaja maganar a tsaye a bakin motarsa. Ya ce an riga an gama lissafin kuɗin tallafin al'umma: rijiyar burtsatse a bakin titi da tankinta da allon kamfani, sai buhunan shinkafa na azumi. Na ce, "Yallaɓai, ramin fa?" Ya ce wa zai ɗauki hoton ramin da aka cike, in bari sai bayan bikin buɗe rijiya.

A nan na yi kuskuren. Ban rubuta komai ba, ko layi ɗaya. Da takardar kammala aiki ta zo, mai cewa an warware duk koken jama'a, na sa hannu saboda alkawarin baki. Kwana uku tsakani aka loda katafilar zuwa wani aikin.

A watan Agusta, da ruwa ya kankama, ramin ya cika ya batse. Wani yaro ɗan shekara tara ya kai awaki kiwo, ya bi 'yan uwansa wanka, bai fito ba. Na je ta'aziyya ina jiran a zage ni. Mahaifinsa ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, kwanansa ne ya ƙare." Dagaci kuwa har na tashi bai dube ni ba. Da zagina suka yi, da ya fi mini sauƙi.

A taron ofis manajan ya zaro takardar nan mai ɗauke da sa hannuna ya ajiye a kan tebur. Ni aka ba takardar gargaɗi, shi kuwa kafin shekara ta zagayo an ƙara masa girma. Ban musa laifina ba, amma har yau ban yarda cewa nawa ne ni kaɗai ba. Cike ramin, da aka tashi yi, kwana huɗu ya ɗauka.

Ban raina rijiyar ba, mata na ɗibar ruwa a cikinta har gobe. Sai dai rijiya kyauta ce, ramin kuwa bashi ne, kuma ko a addini mai bashi a wuya biya ake cewa ya fara yi kafin sadaka. Wasu abokan aiki na fatan a yi mana doka irin ta Indiya ta 2013, wadda ta sa manyan kamfanoni kashe kashi 2 cikin 100 na ribarsu a kan al'umma. Ina goyon baya. Amma muddin ba a tilasta wa ɗan kwangila gyara ɓarnar da ya yi da hannunsa ba, kuɗin nan ma wurin da kyamara ke gani za su tafi.

Sauran ba su da tsawo. Kowane koke a rubuta shi da kwanan wata, a riƙe kwafi. Kafin a kafa kwalbati a tambayi dattawan gari inda ruwa ke bi; wanda ya ga ambaliyar Jibiya a watan Yulin 2018 ba ya wasa da hanyar ruwa. Tankar yayyafin ruwa mai kwantar da ƙura ta fara da gaban makaranta lokacin hunturu. Lebura a ɗauke shi a garin, a biya shi kafin guminsa ya bushe.

A shekara ukun da suka biyo baya ban ƙara sa hannu a takardar kammalawa ba sai na je na tsaya da ƙafata a kan ramin. An ce ina da taurin kai, kuma a matakin da na shiga na fita. Bara na bi ta ƙauyen nan, na tarar mai gonar ya shuka gero a wurin, amma bai kai gwiwa ba, don ba mu tara ƙasar sama a gefe ba lokacin da muka fara haƙa.