Tiyon da yake fizgar baki a ƙarƙashin ruwa

Karo na farko da na yi nutso da tulun iska a Dahab, can bakin Bahar Maliya a Masar, wallahi ba zurfin ruwan ne ya dame ni ba, muƙamuƙina ne. Tiyon regileta na haya da aka ba ni, wato na'urar da ake shaƙar iskar tulu da ita, ya sandare, ga shi gajere, yana zagayowa ta kafaɗar dama, duk sanda na juya kai hagu don in kalli kifi sai ya fizgi robar da ke bakina, dole na dinga cizon ta da ƙarfi kar ta kuɓuce, kafin mu fito har gindin kunnena ciwo yake.

Washegari mai koyar da mu ya duba ya ce an ɗaura tiyon ne a ƙofar da ba ta dace ba a kan bawul na farko, wato ɓangaren regileta da ke ɗaure a kan tulu, shi ya sa yake lanƙwashewa. Ya canza masa ƙofa, ya kuma sa wani tiyo mai laushi irin saƙaƙƙen nan. Ranar ko cizo ban yi ba, robar kawai ta zauna.

Regileta na ajiya mai ruwan ɗorawa kuma a ƙirji ake maƙala shi, gejin da ke nuna iskar da ta rage a tulu a hagu, kar ka bari suna reto suna dukan murjani, abin nan yana min ciwo sosai in na gani.

Masu shiga kogon ƙarƙashin ruwa su dogon tiyo suke sawa, mita 2.1, ya bi ta ƙarƙashin hammatar dama ya haura ƙirji ya zagayo wuya. Shi nake son koya in na koma, insha Allah.