Alhamdulillah da Ke Cikin Takardar Tambayoyi

Laraba, bayan sallar isha.

Yau na karɓi sauran takardun tambayoyin binciken kammala digirina, kuma har yanzu zancen wata 'yar ajinmu bai bar kaina ba. Aikin nawa a kan alaƙar riƙo da addini da gamsuwar zaman aure ne a tsakanin ɗalibai mata masu aure. Ni ma cikinsu nake, don haka kowace takarda da na ɗaga sai in ji kamar gidan wata na leƙa.

Sashen gamsuwa na ɗauko shi daga wani ma'aunin gamsuwar aure mai suna ENRICH da masana Fowers da Olson suka fitar a 1993, mai tambayoyi 15. Na addini kuma na bi rabon da Allport da Ross suka yi a 1967: akwai mai riƙe addini don shi kansa, akwai mai riƙe shi don abin da yake jawo masa, kamar kima a idon jama'a.

Bayan laccar safe 'yar ajin namu ta same ni a ɗakin karatu. Ta girme ni, 'ya'yanta har sun fara tasawa. Ta miƙo mini takardarta ta ce, "Ƙanwata, na cike miki. Amma duk inda aka tambayi jin daɗin aurena, mafi kyawun amsa na zaɓa. Allah ya ba ni miji, ya ba ni 'ya'ya, ga karatu, in zauna ina kai ƙara wa takarda?"

Na ce, "Yaya, ai babu sunanki a jiki."

Ta ce, "Allah yana gani."

Sai kuma ta zauna, zance ya ɓalle. Maigidanta ba ya rasa jam'i, shi ne ma ya amince ta dawo makaranta. Amma duk ranar da lacca ta ja ta makara, sai ya ɗauke mata wuta na kwanaki. Lokacin jarrabawa ba ta buɗe littafi sai kowa ya yi barci, daga nan ta miƙe ta yi nafila, ta yi kukanta a sujada, ta share hawaye. Ta ce sallar daren nan ita ke riƙe da ita, kuma wallahi na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, gobe in na shigar da amsoshinta cikin kwamfuta, za ta fito da maki mai yawa a addini, mai yawa a gamsuwa, ta ƙara wa sakamakona ƙarfi. Alhali matar nan a gajiye take.

Da azahar na kai wa malamar da ke duba aikina wannan damuwa. Ta ce masu bincike sun daɗe da sanin matsalar: tun 1967 Edmonds ya yi rubutu kan yadda ma'aurata ke ƙawata aurensu in an tambaye su, kuma biyar daga cikin tambayoyi 15 ɗin nan an sa su ne don a gano masu yin hakan. Ta kuma tuna mini aikin Annette Mahoney da abokan aikinta na 1999 a Amurka. Sun ga cewa ibadar da miji da mata ke yi tare, da ɗaukar auren a matsayin abu mai tsarki, sun fi alaƙa da zaman lafiyar gida a kan yawan addinin kowannensu shi kaɗai. Ta ce, "Ke matar kaɗai kike aunawa, 'yata. Aure kuwa na mutum biyu ne."

Na yini ina tauna wannan magana. Ba na shakkar cewa addini yana gyara aure. Na ga yadda yake sanyaya harshe lokacin fushi, yadda yake sauƙaƙa yafiya, yadda mace mai karatu da goyo da aikin gida ke samun inda za ta sauke nauyin zuciyarta. Amma haƙurin da mace ke yi don Allah lada ne tsakaninta da Ubangijinta, bai kamata mu rubuta shi a rahoto a matsayin shaidar cewa tana jin daɗi ba. Addinin da kansa ya bambanta riƙo da addini da jin daɗin aure. A Bukhari, matar Sabitu bin Ƙaisu ta zo wa Annabi (SAW) ta ce ba ta aibata mijinta a addini ko a hali, amma ba za ta iya zama da shi ba. Bai ce mata imaninta ya yi rauni ba. Ya tambaye ta ko za ta mayar masa da gonarsa, ta amsa, aka raba auren. Aya ta 21 a Suratur Rum kuwa natsuwa da soyayya da jinƙai ta ambata, kuma ta ce a tsakaninku aka sanya soyayyar da jinƙan. Da aka tambayi Nana A'isha abin da Annabi (SAW) ke yi a gida, cewa ta yi yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Wannan ɓangaren na addini ne ɗaliba mai aure ta fi buƙata daga mijinta a makon jarrabawa, kuma babu tambaya ko ɗaya a takardata da ta taɓo shi kai tsaye.

Na dawo gida a makare. Abban yara ya riga ya yi musu wanka, ya ce in je in yi karatuna.

Gobe zan roƙi Malama ta bar ni in ƙara hira baki da baki da wasu daga cikin matan, in tambaye su ko suna ibada tare da mazajensu, da wanda ke riƙe yara in jarrabawa ta zo. Zan kuma nemi Yaya in ji ko akwai wani babba a danginsu da maigidanta ke jin maganarsa, wanda zai iya zama da shi a kan maganar makarar nan.