Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Daren Kabewa

A makon jiya na tsaya ne a kan isarmu birnin Lidis na ƙasar Ingila, inda Baban yara ya je ƙaro ilimi. Zan tsallake shekarar farko, domin ban riƙe komai a cikinta ba sai sanyi, in zo kan daren da ya jawo mini maganar da har yau take ci mini tuwo a ƙwarya.

Ranar 31 ga Oktoba ce ake bikin Halowin, wanda ya samo asali daga Ailan da Sikotilan, kuma yake faɗowa a jajibirin ranar da Kiristoci ke tunawa da waliyyansu. Akan rarake kabewa, a yanka mata idanu da baki, a kunna kyandir a cikinta, a ajiye a bakin ƙofa. Duk gidan da aka ga haka, yara suna da damar ƙwanƙwasawa a ba su alawa.

Babban ɗana ya dawo makaranta da kuka, wai shi kaɗai ne ba shi da shigar da zai yi. Na rantse ba zai sa kayan mayu ko na fatalwa ba, amma na kasa jure ganinsa manne da taga yana kallon 'yan uwansa yara. Sai na kwana biyu a kan keken ɗinki, na haɗa masa riga mai ja da kore irin ta dogarawan Sarkin Katsina, har da rawani, ƙanwarsa kuma na ɗora mata 'yar ƙwaryar da na taho da ita, ta fito kamar mai tallan nono. Gida shida kawai muka zaga, ina riƙe da hannuwansu, kuma na zauna na tsince duk alawar da nake shakkar halaccinta.

Kuskurena shi ne tura wa mutanen gida hoton yaran. Washegari saƙon Gwaggo ya iso: "Ke 'yar nan, ashe gaskiya ne, kowa ya bar gida, gida ya bar shi."

Ban mayar mata da komai ba sai "Allah ya huci zuciyarki, Gwaggo." Amma ita ce fa muke gani a unguwar Rafindadi ta Katsina, idan azumi ya kai kwana goma, tana ɗiban gero tana ba masu tashe, yara da gemun auduga da tumbin tsumma. Na san tashe namu ne, wancan kuwa na wasu ne, ban kuma sake fitar da yaran ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce gida ya bar ni, alhali gidan na ɗinka da hannuna na sa wa ɗana.

Shekarar da muka dawo, mun tsaya kallon hawan Sallah a Ƙofar Soro, bakin fadar Sarkin Katsina, yaron ya hango dogarai ya ja mayafina yana cewa, "Umma, ga masu irin rigata!" A lokacin Gwaggo ta cika wata bakwai da rasuwa, Allah ya jiƙanta, kuma ban taɓa samun zama da ita na yi mata bayani ba.

A mako mai zuwa zan kawo labarin azuminmu na farko a can.