Tarihin Rayuwar Jim Reeves, Kashi na Tara: Hadarin Brentwood

A makon jiya mun tsaya ne a ranar 2 ga Yulin 1964, ranar da mawaƙin Amurka Jim Reeves ya yi shigarsa ta ƙarshe ɗakin ɗaukar waƙa na kamfanin RCA a Nashville ta jihar Tennessee. Yau kuma ga mu a ranar da dattawanmu da suka taso da muryarsa a rediyo da faifan garmaho ba sa son a tuna musu.

Juma'a ce, 31 ga wata. Jim da Dean Manuel, mai kaɗa masa fiyano kuma mai riƙe masa harkokin aiki, sun je Batesville ta jihar Arkansas kan cinikin fili, da rana suka kamo hanyar gida. Tafiyar ba ta wuce kilomita 450 ba. Jirgin ƙarami ne, Beechcraft Debonair mai inji ɗaya da kujeru huɗu, ƙarfin doki 225, kuma Jim ne da kansa a kan sitiyari.

Nan ake yinta. Tuƙin jirgin sama hawa biyu ne. Akwai matuƙin da ke tafiya da ido: yana ganin ƙasa, yana ganin layin da sama ta haɗu da ƙasa, da shi yake sanin ko fukafukansa a daidaice suke. Irin wannan matuƙi, doka ta gindaya masa sai yana iya hangen aƙalla mil uku a gabansa, kuma kada ya shiga gajimare. Sai wanda aka horar ya rufe ido daga taga ya dogara da agogunan da ke gabansa kaɗai, na tsayi, na sauri, da mai nuna karkatar jirgi. Jim bai kai wannan hawa na biyu ba.

Har suka iso sararin Brentwood, 'yan mil kaɗan kudu da Nashville, lafiya lau. Filin jirgi na gab da su. Sai ga hadari ya tare hanya, irin mai saukar da ruwa kamar da bakin ƙwarya a unguwa ɗaya ya bar maƙwabciyarta a bushe. Jami'in da ke bin jirgin a na'urar rada ya gargaɗe shi. Waɗanda suka bi diddigin hatsarin daga baya sun ce shawarar da aka ba shi ita ce ya karya dama ya kauce wa ruwan, shi kuwa ya karya hagu, yana neman ya bi titin Franklin da ido har filin jirgi, kamar yadda masu tuƙi da ido suka saba. Ruwan ya rufe gilashi, titin ya ɓace.

Mai karatu zai ce, to ai sai ya miƙe kawai. Ba ya yiwuwa, kuma ba batun tsoro ko ƙarancin hankali ba ne, jiki ne ke yi wa mutum ƙarya. A cikin kunnen ɗan Adam akwai wasu 'yan bututu uku masu ruwa, su ke gaya wa ƙwaƙwalwa an juya ko an karkata. Idan jirgi ya karkata a hankali, ruwan ba ya motsawa yadda za a ji. Idan kuma aka ɗauki kamar daƙiƙa 20 ana cikin kwana ɗaya, ruwan sai ya lafa, matuƙi ya rantse a miƙe yake tafiya alhali zagaye yake yi, hancin jirgin na sunkuyawa. Ko ya gyara, jikinsa zai ce masa yanzu ne ya karkace, ya sake komawa cikin kwanar da hannunsa. A 1954 Jami'ar Illinois ta gwada matuƙa 20 marasa horon agogo, aka toshe musu ganin waje. Babu ko ɗaya da ya tsira da jirginsa a daidai, kuma a matsakaici daƙiƙa 178 suka yi kafin abin ya kuɓuce musu. Ko minti uku ba a cika ba.

Gyaran yana da tsari, kuma wanda ya saɓa tsarin ya ƙara wa kansa wuta. Da farko a duba agogo a daidaita fukafukai, sai bayan nan a jawo sitiyari a hankali a ɗaga hanci. Wanda ya jawo sitiyari jirgi na karkace, ba sama zai yi ba, kwanar ce za ta ƙara matsewa. A karkatar digiri 60 nauyin da fiffike ke ɗauka ninkawa yake, kuma saurin da jirgi ke buƙata don iska ta ci gaba da riƙe shi yana ƙaruwa da kusan kashi 40 cikin ɗari. Abin da masu binciken suka fahimta shi ne hankalin Jim ya tafi wajen neman titi ta taga, sauri ya ragu, fiffike ya saki, shi kuma ya danna totur har ƙarshe ya jawo sitiyari tun bai daidaita jirgin ba. Kowa zai yi haka in ya ji yana faɗuwa. Ga shi kuwa sun riga sun yi ƙasa-ƙasa don sauka, babu sararin da za a gyara kuskure. Gab da ƙarfe biyar na yamma jirgin ya ɓace daga rada.

Abin baƙin cikin, ba shi ne na farko ba. Kusan wata goma sha bakwai kafin nan, ranar 5 ga Maris 1963, mawaƙiya Patsy Cline ta rasu a hatsarin jirgi tana da shekara 30 tare da mawaƙa Cowboy Copas da Hawkshaw Hawkins kusa da Camden, duk a jihar Tennessee. Shi ma matuƙinsu, Randy Hughes, ba shi da horon agogo, shi ma mummunan yanayi ne ya rufe masa ido. Nashville ta ga wannan da idonta.

Neman jirgin Jim ya ɗauki sa'a 42, duk da cewa a bakin gari ya faɗi. Kurmi ne mai duhu, kuma da ƙarfin da ya sauko inji da hancinsa sun nutse cikin ƙasa, daga sama ba a hango komai. Mawaƙa irin su Marty Robbins da Ernest Tubb sun shiga daji cikin masu nema. Sai da safiyar Lahadi, 2 ga Agusta, aka gano su, shi da Dean Manuel. Saura kwana 20 Jim ya cika shekara 41 da hatsarin ya faru.

Aka mayar da shi gida Texas, aka binne shi kusa da Carthage, yankin da aka haife shi a 1923.

Mako mai zuwa za mu buɗe ma'ajiyar faya-fayan da ya bari a hannun matarsa Mary, mu ga yadda aka yi ta ɗora sabon kiɗa a kan tsohuwar murya, har waƙar "Distant Drums" ta hau matsayi na ɗaya a Ingila a 1966, shekara biyu bayan binne mai ita.