Ƙwaryar mai nono da hannun Dada

Laraba, bayan lisha. Jekadafari, Gombe.

Yatsuna sun yi jawur, bayana kuwa kamar na yini ina sauke buhunan masara a Tudun Hatsi. Duk da haka ba zan kwanta ba sai na rubuta abin da ya same ni yau, kada gari ya waye in nemi yadda na ji in rasa.

Da nauyin zuciya na tashi, irin wanda ya zame mini jiki a 'yan watannin nan. Sha'aban ne, kowa so yake ya kai 'yarsa ɗaki kafin azumi, mu masu ƙunshi ba mu da ranar hutu. Tun daren jiya na tankaɗe lalle sau biyu da ɗankwali mai laushi, na kwaɓa da ruwan lemon tsami da ɗan sukari don ya manne a fata kada ya farfashe, na rufe shi ya kwana. Da safe na ɗura a leda, na gaida Dada, na tari Keke Napep zuwa Pantami. Hazo ya rufe gari, ko tsaunukan da ke kewaye da mu ba a hangowa.

Amarya ce da ƙawayenta shida. Kafin in gama shimfiɗa kayana kowacce ta miƙo waya. "Adda, wannan nake so." "Adda, irin wannan sak, kar ki canza komai." Hotuna ne daga Instagram da TikTok, na Indiya, na Dubai, na Sudan. Na duba, na kwafa, na duba, na kwafa. Ɗaya ta nemi baƙi, na ce mata na daina, don sinadarin rinin gashi ne a cikinsa, kuma na taɓa sa wa wata yarinya hannunta ya kumbura ya yi ƙuraje, har yau abin yana ci mini rai. Ta haƙura da ja. Aiki ya yi kyau, an yaba, uwar amarya ta sa mini albarka har da ƙarin kuɗin mota. Ni kuwa na fito zuciyata fayau, ba daɗi ba ɓacin rai. Shekara tara ina wannan sana'a, kwanan nan har na fara ce wa kaina ko dai ta fita raina ne, in nemi wani abin yi.

La'asar sakaliya mai Keke ya sauke ni wajen Tashar Dukku, ya ce ba zai ƙarasa ciki ba. Rabona da abinci tun kunun safe. Sai ga wata dattijuwar Bafulatana a gindin dogon yaro da ƙwaryarta a gaba. Na tsuguna na ce, "Inna, a dama mini ta ɗari uku."

Tana ɗaga faifai idona ya sauka a jikin ƙwaryar.

Tsohuwa ce, ta sha hannu har ta yi santsi, launinta ya koma kamar zuma. Daga bakinta an ja baƙin layi biyu sun zagaye. Ƙarƙashinsu jerin 'yan tsinaye kamar haƙoran zarto, ɗaya a cike da baƙi, na kusa da shi an bar shi fari. Daga nan sai fili, faɗin yatsa uku, ba a taɓa shi ba ko kaɗan. Can ƙasa kuma layuka sun sarƙe kamar saƙar tabarma. Ta taɓa tsagewa a gefe guda, gyartai ya ɗinke ta, ɗinkin ya ratsa ta cikin filin nan a karkace, ya zauna daram kamar da shi aka zana ta. Wallahi filin nan shi ya tsayar da ni. Mu a ƙunshin zamani tsoron fili muke yi. Ko ina sai mun cusa fure, mu cusa ganye, mu bi da ɗige-ɗige har fatar mutum ta ɓace.

Na ce, "Inna, wa ya yi miki wannan zanen?"

Ta ce ta gada ne, cikin kayan auren mahaifiyarta take, daga wajen Kwami. Da wuƙa ake yi, a sa ta a wuta ta yi ja, a ɗora a kan ƙwarya. "'Yata, wuƙar ba ta daɗewa take hucewa. Layi ɗaya za ka ja ka mayar da ita wuta, ka zauna ka jira."

Na roƙe ta ta bar ni in kwafa. Ban ciro waya ba, ban ma tuna da ita ba. Biro na ciro, na naɗe hannun hijabina na shiga zanawa a damtsena. Ta yi murmushi, ta riƙa juya mini ƙwaryar a hankali, a hankali, don kada nonon ya zube. Furar da ta dama mini sai da ta yi kauri kafin in tuna da ita.

Bayan magariba na sami Dada a ɗaki tana jin ɗumi a kaskon wuta. Akwai ragowar lalle a leda. Na ce, "Dada, ara mini hannunki." Ta ce ita ba ta san wannan zane-zanen namu ba. A zamaninsu a Dukku, lalle dambara shi ake yi a hannu gaba ɗaya, a zura cikin zunguru a kwana da shi, ƙafa kuma a naɗe da ganye da tsumma. Amma ta miƙo.

Ban taɓa riƙe hannun mahaifiyata na kalle shi kamar yau ba. Jijiyoyi sun taso, fatar ta yi laushi ta tattare, ga tabon ƙunar talge a gindin babban yatsa, wanda ta samu tun ina goye. A hannun 'yan mata layi tafiya yake yadda ka so. A nan kuwa ya ƙi, duk inda na ja sai ya faɗa cikin tamoji. Sai na daina gardama da fatar, na bi ta. Na zagaye wuyan hannun da layi biyu, na jera haƙoran nan, ɗaya cike ɗaya fari. Bayan hannun na bar shi fili, tabon yana tsakiya, ban rufe shi ba. A kan yatsu na yi saƙar tabarma.

Dada ta ɗaga hannun kusa da fitila ta daɗe tana kallo. Can ta ce, "Wannan ai zanen ƙwaryar aurena ne." Ta ce ta fashe a cikin mota ranar da suka taso daga Dukku, a 1996, shekarar da aka yanke mana jiha daga Bauchi, tana da cikina. Ban taɓa jin labarin ƙwaryar nan ba sai yau. Ta nuna da ɗaya hannun ta ce, "Amma tawa akwai ɗigo uku a ƙarƙashin kowane haƙori. Sa su." Na sa. Nan take zanen ya cika, kamar miya ta ji gishiri.

Fiye da awa ɗaya na yi a hannu guda, ni da nake gama hannu biyu a rabin haka. Ban ji ciwon bayan ba sai da na miƙe. Abin da na ji a ƙirjina na san shi, rabona da shi ne aka daɗe. Shi nake ji ina 'yar shekara goma, in na sami gawayi na zauna a bayan ɗaki ina zane a bango har a kira ni cin tuwo ban ji ba. Ashe ƙunshi bai fita raina ba. Na daɗe ne ban zana abin da idona ya gani da kansa ba.

Gobe ina da wata amaryar a Bolari, na kuma san waya za su miƙo mini. Zan yi musu abin da suke so da zuciya ɗaya, da shi muke ci, da shi ake biyan kuɗin makarantar autanmu, ba na raina shi. Amma zan nuna musu wannan ma, ko mutum ɗaya ce ta yarda. Ranar Asabar kuma ina so in shiga tsohuwar kasuwa wajen masu ƙorai da faya-fayai, da ɗan littafi a jaka.

Dada ta yi barci. Na naɗe mata hannun da leda, na zura shi cikin tsohuwar safa saboda lalle ba ya kamawa sosai a sanyi, ta ajiye shi a kan bargo ɓangaren kaskon wuta. Zanen biron yana nan a damtsena, ya ɗan goge wajen alwala. Na ƙagu asuba ta yi in kwance safar in ga yadda ya kama.