Darussan da Na Koya a Saƙar Kunkurun Wasa da Kwarashi

Cikin 'yan dabbobin wasan da ake saƙawa da kwarashi, irin saƙar nan ta Japanawa da ake kira amigurumi, kunkuru na cikin waɗanda ake miƙa wa sabon hannu, wai don ba shi da wuya. Da gaskiyarsu ta wani fanni, domin ƙulli iri ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Sai dai abin da aikin ya koya mini shi ne, aibin kunkuru ba ya bayyana sai an zo haɗi, alhali tun a zagayen farko aka shuka shi. Ƙwallo ko 'yar tsana suna iya ɓoye kuskuren ƙulli ɗaya ko biyu. Kunkuru kuwa ƙoƙon baya ne da faifan ciki, kuma dole bakinsu ya zo daidai, sannan a ajiye shi a ƙasa ya zauna daram ba tare da ya kifa ba.

Ƙullin da ake magana shi ne gajeren nan: a soka kwarashi, a jawo zare, zare biyu su hau kan kwarashin, a sake jawo zare ta cikinsu gaba ɗaya. Wanda ke bin rubutaccen tsari ya fara duba daga inda tsarin ya fito. Wannan gajeren ƙullin da Amurkawa ke rubutawa da sc shi ne 'yan Ingila ke rubutawa da dc, kuma dc a wurin Amurkawa dogon ƙulli ne da ya kusa ninka wancan tsawo. Aka rikita su, ƙoƙon zai fito da ramuka kamar raga.

Batun kwarashi kuma, kada a bi lambar da ke jikin takardar zare. Wannan lambar ta masu saƙa riga ce da mayafi, inda ake son saƙa ta saki jiki. Abin da za a cusa wa auduga matsewa yake so. Zare matsakaici mai lamba 4, wanda takardarsa kan ce milimita 5, da kwarashi mai milimita 3.5 ya kamata a saƙa shi. Kakkauran zaren shanil mai gashin karammiski, wanda takardarsa kan ce milimita 8, ya fi kama jikinsa da mai milimita 5 ko 6. Gwajin ba wuya: a saƙa zagaye biyar, a tura yatsa daga ciki, a ɗaga wajen haske. In ana hango fatar yatsa, auduga ma za ta leƙo, sai a sauka da rabin milimita. In kuma sai an yi kokawa kafin kwarashi ya shiga, an matse fiye da kima, kuma wuyan hannu ne zai biya.

Ga lissafin ƙoƙon. A fara da ƙulli 6 a cikin zoben zarge, wato madaukin zare mai tsukewa in an ja shi, a ja jelar zaren ya rufe ruf. Zagaye na biyu a yi biyu a kowane ɗaya, su zama 12. Daga nan kowane zagaye a ƙara shida: 18, 24, 30, 36, 42, 48. Wannan shidan yana da dalili. Faɗin gajeren ƙulli da tsawonsa kusan ɗaya ne, kuma duk lokacin da da'ira ta ƙaru da tsawon ƙulli ɗaya, kewayenta na ƙaruwa da shida da ɗan ɗoriya. Aka ƙara ƙasa da haka, saƙar za ta lanƙwaso ta zama ƙoƙo. Aka zarce, bakin zai yi ta tattarewa. Wannan shi ne dukan sirrin siffa a wannan saƙa. Saboda haka da an kai 48 sai a daina ƙari, a yi zagaye huɗu zuwa shida a haka, ƙoƙon zai tashi da kansa. Huɗu na ba da kunkuru mai shimfiɗaɗɗen baya irin na ruwa, shida kuma mai tozo irin na tudu.

Faifan ciki shi ma daga 6 zuwa 48 ne, amma ba zagayen tsaye ko ɗaya. A nan ake yawan tafka asara: ƙoƙo ya ƙare da 48, faifai da 47, ba wanda ya lura sai an kusa rufe baki, a ga gefe ɗaya ya yi saura. Dalilin kuwa shi ne ba a rufe zagaye a amigurumi, murɗawa kawai ake yi ana hawa, don haka ba abin da zai nuna inda zagaye ya ƙare sai alamar da mutum ya sa da hannunsa. Guntun zare mai wani launi ya wadatar, a riƙa ratsa shi a ƙullin farko na kowane zagaye. A ƙirga a ƙarshen kowane zagaye, ba sai an ji shakka ba. Kuma hannu ɗaya ya saƙa ƙoƙo da faifai a zama ɗaya in da hali, domin matsin hannun mutum da safe daban yake da na dare, kuma 48 sakakku sun fi 48 matsattsu faɗi.

Ana yawan gargaɗin cewa kada a jera ƙari a kan ƙari, don da'irar kan koma mai kusurwa shida. A kan faifan ciki da kai na yarda da wannan, a riƙa gusar da wurin ƙarin a kowane zagaye na biyu. A kan ƙoƙo kuwa ra'ayina ya saɓa. Layukan nan shida da ƙarin ke bari su ne jagorar zanen baya. Ainihin kunkuru yawanci yana da manyan faranti 13 a bayansa, biyar a tsakiya, huɗu-huɗu a gefe, amma a abin wasa mai faɗin tafin hannu 13 cunkoso ne. Bakwai sun isa: a ɗinka mai kusurwa shida a kan zagaye na huɗu, inda kowane gefe ke da ƙulli huɗu cif, sannan a sauko da layi daga kowace kusurwa zuwa baki. A yi wannan ɗinkin kafin a rufe, lokacin da ake iya ƙulle zaren daga ciki.

Wani abin da ke wuce sabon hannu shi ne fuskar saƙa. A waje ƙulli kan fito da siffar V a jere, a ciki kuma akwai 'yan sanduna a kwance. Ƙoƙo kan so ya lanƙwasa ta baibai tun a zagaye na uku, sai a juya shi, jelar zaren farko ta kasance a ciki. Ba batun kyau kaɗai ba ne: ɓoyayyen ragi ba ya ɓoyuwa sai a fuskar da ta dace.

Shi wannan ragin a kai ake buƙatarsa. Kowane ƙulli yana da kunnuwa biyu a samansa, na gaba da na baya. Maimakon a jawo zare daga ƙulli biyu a haɗe, wanda ke barin ƙullutu da rami, sai a soka kwarashi a kunnen gaba na farko, a zarce kunnen gaba na biyu, a jawo zare ta cikinsu, a ƙarasa yadda aka saba. Kai yana farawa daga hanci: 6, 12, 18, 24, 30, zagaye biyar a tsaye, sannan ragi zuwa 24, 18, 12. Kada a rufe shi. A ƙara zagaye biyu a kan 12 ɗin su zama wuya, a bar zare mai tsawon kamu biyu don ɗinki.

Ido kafin baki ya ƙuntata ake sa shi, wato ana kan 24. Ga zare mai lamba 4, idon roba mai milimita 9 zuwa 10 ya yi. Ga shanil, 14 zuwa 18. Da yake an faro daga hanci, a sa su tsakanin zagaye na biyar da na shida, ɗaya a kowane gefe, kuma kada a danna makullin da ke riƙe idon ta baya sai an cusa 'yar auduga an duba daga gaba, an duba daga sama. Makullin nan in ya shiga ba ya fita da arziki. Ido in ya yi ƙasa-ƙasa kuma nesa da juna, fuskar yarinta yake bayarwa. Ya hau sama ya matso, sai kunkurun ya zama kamar mai jin haushi. Ga yaron da bai kai shekara 3 ba kuwa, babu idon roba sam. Ko makullin bai ɓalle ba, idon na iya zamewa ta tsakanin ƙulli ya fito da makullinsa, musamman a shanil mai santsi, kuma girmansa daidai abin da ke shaƙe yaro ne. A ɗinka ido da baƙin zaren auduga, a ɗora ɗigon fari a gefe.

Ƙafafu ba sa cin lokaci. Ƙulli 6, a ƙara biyu su zama 8, zagaye huɗu a tsaye, 'yar auduga a ƙasan kawai, a matse bakin ya zama 4. Wutsiya ƙulli 4, zagaye uku, ba auduga. Ba ruwan kowa da yatsu, dama an ce kunkuru ya so dambe ba shi da yatsa.

Inda aikin yake shi ne rabon wurare a bakin nan mai 48. Da ido kawai ba ya yiwuwa, kullum ƙafa ɗaya sai ta tsere wa 'yar'uwarta. Rabon da ke zama daidai shi ne: a bar 10 a gaba wurin kai, ƙafa ta ci 4, tazara 7, ƙafa 4, tazara 3, wutsiya 2, tazara 3, ƙafa 4, tazara 7, ƙafa 4. A kafa kowace da fil, a ajiye a kan tebur a duba, sannan a haɗa ƙoƙo da faifai da kwarashi, ana ratsa ƙafafun a tsakaninsu. Ƙafar da aka saƙe cikin haɗi ta fi wadda aka ɗinka daga baya ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma ita yaro zai riƙa ja. In ana son leɓen nan da ke zagaye ƙoƙo, a yi haɗin ta kunnuwan baya na ƙoƙon kaɗai, daga baya a dawo kan kunnuwan gaba da aka bari a yi zagaye ɗaya.

Saura ƙulli goma sha biyu a rufe sai a tsaya a cusa auduga, irin ta roba da ake sa wa filo. A riƙa yagar ta ƙanana-ƙanana, a fara cika gefe-gefe da saman ƙoƙo, tsakiya daga ƙarshe. Dunƙule guda in aka tura, ƙullutu zai yi. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne cikawa har faifan ciki ya kumburo, sai kunkuru ya riƙa lilo a kan cikinsa, ƙafafu a sama. Maganinsa a yanko faifan roba daga murfin wani mazubi, ya ɗan gaza faifan saƙar faɗi, a goge bakinsa ya daina kaifi, a shimfiɗa a ciki kafin auduga. Kwali ba ya yi, wanki ɗaya zai narke.

Kai akasin haka yake so: a cika shi tam, wuyan ma ya fi ko'ina tauri. A ɗinka ƙulli 12 na wuyan a jikin ƙoƙo, daga leɓe zuwa sama kamar zagaye uku, ɗaya bayan ɗaya ba tsallake, kuma kafin a rufe biyun ƙarshe a ƙara tura auduga da bayan kwarashi. Wuyan da ya yi laushi a yau, bayan mako guda kai zai rataya. In har kan ya rinjayi jiki kunkurun yana dungurawa, to an ɗinka shi can gaba da yawa, sai a ƙara kama bayan kan da ƙoƙo da ɗinki biyu ko uku. Wasu kan sa ƙwayoyin roba masu nauyi a ƙulle cikin safa ta wajen wutsiya. Yana aiki, amma wannan na ado ne, ba na hannun jariri ba.

Shanil yana da nasa hali, kuma ba na ba wa sabon hannu shawarar farawa da shi, duk da shi ne ke ba da laushin da ake so. Gashi ne aka murɗe a kan siririn zare, don haka ba a ganin ƙulli, sai dai a lalube shi da yatsa. Zoben zarge kan tsinke shi wajen ja. Gara a yi sarƙa biyu a zuba ƙullin farko a ta farkon, kuma da yawa sukan fara da 8 maimakon 6 don faifan ya kwanta, sai dai a tuna lissafin kowane zagaye zai koma takwas-takwas. Ba ya jure warwara: sau biyu ko uku gashin ya zube, ya bar zare tsirara. Ba ya jure ɗinki ma, domin kowane ratsawa yana tuje shi, saboda haka a haɗa sassan da zaren auduga ko na roba mai launi iri ɗaya, zai nutse cikin gashin ba a gani. Bakin da aka yanke kuma a tuje gashinsa kaɗan a ƙulla, in ba haka ba zai yi ta zuba. Lissafin nan na 48 da zare mai lamba 4 yana ba da ƙoƙo mai faɗin santimita 8 ko kusa da haka, kuma giram 50 ya isa har da saura. Da shanil kusan ninki biyu yake fitowa, sai a tanadi dunƙule mai giram 100 na kowane launi.

Jelar zare ba a yanke ta a inda aka ƙulla. A zura ta a allura, a ratsa cikin jikin ta ɓullo can wani gefe, a sauya hanya a sake ratsawa, a ɗan ja sannan a yanke, sai bakin ya koma ciki. Kafin a miƙa wa yaro, a kama kowace ƙafa da kai da wutsiya a ja da ƙarfi, a gwada ido da farce. Wanki da hannu a ruwa mai sanyi, a matse cikin tawul ba tare da murɗawa ba, a gyara siffar ƙoƙon tun yana da danshi, a shanya a inuwa a kan cikinsa.