Inda na kwana tsakanin i-rida babba da tabulet

Assalamu alaikum 'yan uwa abokan karatu. Toh maganar nan da muka daɗe muna ja a kanta, ko i-rida (na'urar da aka yi musamman don karanta littattafai) mai babban sikirin ko tabulet, na ɗan zauna da kowacce na wani lokaci, tabulet ɗin dama ina da ita tun tuni, i-ridar kuma aro na fara yi kafin na mallaki tawa mai inci 10.3, ga inda na tsaya zuwa yanzu.

Kafin ka leƙa kowace na'ura, buɗe foldar littattafanka tukuna ka ga wane irin fayil ya fi yawa, don a nan zaɓin yake. In EPUB ne, wato nau'in fayil na littafin lantarki, rubutun yana bin girman sikirin kamar ruwa a kwano, ka ƙara girman harafi layuka su sake jeruwa da kansu, ƙaramar i-rida mai inci 6 ko 7 ta ishe ka har da saura, ba ka da buƙatar babba sam. PDF kuwa shafinsa a kafe yake, yadda aka tsara shi haka zai zo, musamman waɗanda aka yi sikanin ɗinsu daga littafin takarda, su hoto ne kawai. Ni da na duba tawa kusan duk PDF ne, littattafan lissafi da maƙalu masu ginshiƙi biyu, shi ya sa maganar girma ta dame ni.

Ga lissafin da ya warware min. Takardar A4 daga kusurwa zuwa kusurwa inci 14 ce da ɗan ɗoriya, A5 kuma kusan inci 10. Kenan duk na'urorin nan da ake kira manya, Kindle Scribe mai inci 10.2 da ta fito a 2022, Kobo Elipsa mai 10.3 ta 2021, da reMarkable 2 ita ma 10.3, girman A5 ne, rabin A4. Sai ka je irin Boox mai inci 13.3 kafin ka kusa cikakken shafi. Littafi na yau da kullum yana zama daram a kan 10.3, amma maƙalar A4 in ka buɗe ta haka kawai, ƙananan lambobin da ke maƙale a gindin harafi a lissafi sai ka matso da fuska kafin ka bambance 3 da 8, bayanin ƙasan shafi kuwa ba a magana.

Abin da na koya a wannan zangon shi ne yanke gefe. Farin filin da ke zagaye da rubutu yana cin wuri sosai, da ka yanke shi harafi ya ƙara girma ba tare da zum ba. In bai isa ba sai in kwantar da na'urar in riƙa karanta rabin shafi rabin shafi. Akwai manhajar KOReader, kyauta ce, tana yankan da kanta, tana kuma ƙara duhun rubutu ga tsofaffin sikanin da suka koɗe, wallahi wani littafi da na haƙura da shi saboda dusashewa yanzu ina karanta shi lafiya lau.

Me ya sa i-rida take da daɗi a ido, kuma me ya sa take da nawa? Abu ɗaya ne ya jawo duka biyun. Fasahar sikirin ɗinta, E Ink, daga ɗakin binciken jami'ar MIT a Amurka ta fito, aka kafa kamfanin E Ink a 1997. Cikin sikirin ɗin wasu mitsi-mitsin ƙwayoyi ne masu ɗauke da farin launi da baƙi, wutar lantarki ke tura wanda ake so sama, kuma da sun hau sai su zauna ko an ɗauke wutar. Shi ya sa batir ke kai makonni, sai lokacin juya shafi yake ci, shi ya sa kuma a tsakar rana rubutun ƙara fitowa yake, tabulet kuwa a rana fuskarka kawai za ka gani. Fitilar i-rida ma daga gefe take haska saman shafin, ba daga baya take harbo ido ba, amma a kula, reMarkable 2 ba ta da fitila kwata-kwata. Toh amma motsa ƙwayoyin nan yana ɗaukar lokaci, wani sa'in sai ka ga inuwar shafin baya ta rage, sai sikirin ya yi baƙi ƙiris ya wanke kansa.

Nan ne tabulet ta yi mata nisa. Sikirinta na sabuntawa sau 60 a daƙiƙa ko fiye, in kana karatun da sai ka koma shafin baya ka duba jadawali ka dawo ka tsallaka ƙarshen littafi neman amsa sannan ka buɗe bidiyon darasi a gefe, gaskiya i-rida za ta ƙure maka haƙuri. Haka launi. I-rida mai baƙi da fari matakan toka 16 kawai gare ta, masu launin kuma irin masu sikirin Kaleido 3 launi 4,096 suke nunawa a dushe, taswira ko zanen sassan jiki ba za su fito yadda ya kamata ba. Masu koyon zane ko likitanci, ni dai tabulet zan ce muku kai tsaye.

Abin da ya sa duk da haka na karkata ga i-rida, zama ne. A tabulet ina cikin sakin layi saƙo zai faɗo, ko bai faɗo ba hannuna ya san inda WhatsApp yake, na kashe sanarwa ma amma zuciya ba ta daina leƙe ba. A i-rida babu inda zan je, sai na ga ina gama babi a zama ɗaya, abin da na daɗe ina nema kenan. Yanzu na raba musu aiki, karatun farko mai tsawo a i-rida da alƙalaminta ina ja layi, bita da tsalle-tsalle da duk mai launi a tabulet.

Wani ɗan abu ga masu karanta EPUB na Hausa, in kun ga ƙ da ɗ da ɓ sun fito daban da sauran haruffa ko sun zama akwati, matsalar font ce, wato salon haruffa, ku saka Charis SIL ko Noto Serif a foldar fonts ta na'urar zai daidaita.

Abin da ke gabana yanzu shi ne fitar da rubutun da nake yi a gefen shafi zuwa kwamfuta ba tare da ya goce daga layinsa ba. Mai riƙe da inci 13.3 a cikinmu, don Allah ya faɗa mana ya nauyinta yake a hannu in karatu ya yi tsawo, kuma ko maƙala mai ginshiƙi biyu tana karantuwa ba sai an kwantar da ita ba.